Tsara Manhaja Don Mutanen Agege: Mutumin Misali Daban, Labarin Aiki Daban

Telan da ya san aikinsa ba ya sa almakashi a yadi sai ya yi abu biyu. Zai ɗauko tef ya auna ka, kafaɗa da hannu da wuya da tsawo, ya rubuta a littafinsa. Wannan awon zai yi masa aiki shekara da shekaru, in dai ba ƙiba ka yi ko rama ba. Sannan ya ɗago kai ya tambaye ka, "Na Sallah ne ko na zuwa kasuwa?" Awo yana nan yadda yake, amma ɗinki ya canja. Wanda zai yini a kan babur tsakanin Agege da Iyana Ipaja ba a yi masa hannun riga mai faɗi, ko da kuwa awonsa ɗaya da na angon da za a ɗaura wa aure ranar Asabar.

Masu tsara manhajar waya ma abu biyun nan ne a gabansu. 'Yan sana'ar da ke Yaba da Ikeja suna ce wa na farkon fasona, na biyun kuma sinariyo. Ni a nan zan kira su mutumin misali da labarin aiki. Na sha ganin matasanmu da suka koyi zanen manhaja suna cakuɗa su kamar abu ɗaya ne, ko su yi na farkon da kyau su manta da na biyun. Abin da ke biyo baya shi ne manhaja mai kyan gani, wadda Alhaji zai buɗe sau ɗaya, ya juya ta, ya miƙa wa yaron shagonsa, daga nan bai ƙara taɓa ta ba.

Mutumin misali, wani Ba'amurke mai suna Alan Cooper ne ya yaɗa shi, a littafinsa The Inmates Are Running the Asylum wanda ya fito a 1999. Cooper gogaggen marubucin manhaja ne, shi ake yi wa laƙabi da uban Visual Basic. Kalmar "mai amfani" ce ta dame shi. Ya lura cewa a ɗakin taron kamfani kalmar nan kamar danƙo take. In injiniya yana son ƙara wani abu mai wuyar ganewa, sai ya ce ai mai amfani ƙwararre ne, zai gane. In ya ga gyara zai ba shi wahala, sai ya ce mai amfani ba ya buƙatar wannan. Kowa yana jan ta inda ya ga dama. Maganin da ya kawo shi ne a daina cewa mai amfani, a fitar da mutum ɗaya takamaimai, mai suna da hali da buri, wanda aka gina daga hirar da aka yi da mutanen gaske. Shi ba ya miƙewa in an ja shi.

Labarin aiki kuwa sunan John Carroll ne ya fi fitowa a kansa, wanda ya yi shekaru a cibiyar binciken IBM kafin ya koma jami'a. Ya tattara littafi kan wannan hanya a 1995, ya rubuta Making Use a 2000, sannan shi da Mary Beth Rosson suka fitar da littafin koyarwa a 2002. Abin da suka nace a kai mai sauƙi ne: kafin a zana komai, a rubuta gajeren labari mai wuri, da mai aikatawa, da abin da yake son cim ma, da jerin abubuwan da suka faru har ƙarshe.

Wato mutumin misali amsa ce ga tambayar wane ne. Labarin aiki amsa ce ga tambayar yaushe, a ina, me ya same shi, me ya yi. Na farko yana zaune. Na biyu yana tafiya.

Kafin ka rubuta ko ɗaya, ka shiga Zango

Bari mu ɗauka an ba ka aikin tsara manhajar tura kuɗi da rubuta bashi don 'yan kasuwar Agege. Ba a ofis za ka fara ba.

Hausawan Agege ba baƙin jiya ba ne. Layin dogo da ya tashi daga Ikko ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, kuma ta Agege ya bi. Gonakin koko da goro da suka kewaye garin a farkon ƙarni na 20 su suka jawo fatake, suka yi zango kusa da tasha, har Zango ya zama unguwa mai Sarkin Hausawanta. Akwai gidajen da kakan kaka ne ya zo daga Arewa, jikokin kuma a nan aka haife su, suna jin Yarbanci kamar Hausa. Akwai ɗan ci-ranin da ya sauka daga tirela watan jiya. Akwai mahautan mayankar Oko-Oba, da masu shayi, da 'yan canji, da ɗaliban Markaz, makarantar da Shehu Adamu Abdullahi Al-Ilori ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ya dawo da ita Agege. Kuma cikin waɗanda Legas ke kira Hausawa akwai Fulani da Barebari da Nufawa da Zabarmawa da Buzaye. Duk wanda ya ce zai wakilci waɗannan da mutum ɗaya bai shiga unguwar ba.

Na taɓa ganin irin wannan a wani ofis. An manna takarda a bango, da hoton wani mai hula da aka ciro daga intanet, an rubuta "Aboki" a matsayin sunansa, a ƙasa kuma an ce bai iya karatu ba. Abin ya yi mini ciwo, kuma ba don cin fuskar kaɗai ba. Takardar ƙarya take faɗa. Mutumin da suke nufi ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta lissafinsa da ajami, yana haɗa kuɗin huhun goro ashirin a ka kafin ka gama buɗe kalkuleta. Boko ne ba ya karantawa da sauri. Tsakanin "bai iya karatu ba" da "boko ne ke masa nauyi" akwai manhajoji biyu mabambanta.

Saboda haka ka bi ta ƙofa. Ka fara gaida shugabannin kasuwa ko maigidan da fatake ke sauka wurinsa, ka faɗi abin da ya kawo ka, don kada a ɗauke ka jami'in haraji ko ɗan damfara. In kana son jin ta bakin matan aure, mace za ka tura, ita ce za ta shiga gida. Ka nemi izini kafin ka naɗi murya. Ka kau da kai in mutum zai danna lambar sirrinsa, kuma kada ka rubuta abin da ke asusunsa ko da ya nuna maka.

Lokacin hira daban, lokacin kallo daban. Hira ka yi ta da hantsi ko bayan Azahar, sa'ad da ciniki ya lafa. Kallo kuwa sai lokacin da kasuwa ke ci, ka sami gefen benci ka zauna, ka yi shiru.

Kada ka tambayi mutum ko yana son manhaja mai kaza. Mutanenmu suna da kara, zai ce maka, "Ai da kyau, Allah ya taimaka," ka tafi kana murna ba ka sami komai ba. Ka ce, "Alhaji, ku ba ni labarin ranar ƙarshe da kuka tura kuɗi abin ya ba ku wahala." Nan za ka ji magana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma ka rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su: alat, tiransifa, sabis, caji, rasit. In ka je ka fassara alat da "sanarwar shigar kuɗi" a manhajarka don ka nuna ka iya Hausa, ka ƙara masa wahala ne.

Mutum nawa za ka ji? A ganina kada ka gaza goma sha biyu, kuma ka ci gaba har sai ka ga sabon mutum yana maimaita abin da ka riga ka ji.

Yadda ake fitar da mutumin misali

Ka baje bayananka a tabarma ko tebur, ka raba mutanen bisa abin da suke yi, ba bisa shekaru ko garinsu ba. Nan ne mafi yawa ke kuskure. Mutum biyu za su iya zama 'yan Kano, 'yan shekara hamsin da wani abu, masu sayar da goro a layi ɗaya, amma ɗaya shi ke danna wayarsa, ɗayan kuma yaronsa ke danna masa. A wajen mai tsara manhaja waɗannan mutane biyu ne. Tambayoyin rabon su ne irin su: wa ke riƙe wayar, wane rubutu yake karantawa, da me yake tabbatar da cewa kuɗi sun shiga, wa yake kira in abu ya lalace. Inda ka ga mutum biyar ko shida sun taru a amsa iri ɗaya, to ga mutumin misalinka nan yana fitowa.

Sai ka ara masa suna. Kada ka yi amfani da sunan kowa cikin waɗanda ka yi hira da su, ko hotonsa. Namu bari mu kira shi Alhaji Garba. Takardarsa shafi ɗaya ce, ga irin abin da za ta ƙunsa.

Alhaji Garba ɗan shekara 58 ne, ya haura shekara talatin yana fataucin goro a Agege. Yana saye daga masu kawowa daga Shagamu da ƙauyukanta, yana lodi zuwa kasuwar Mariri a Kano. Wayarsa biyu: ƙaramar Itel mai madannai don kira da lambar banki, da babbar Tecno don saƙon murya a WhatsApp. Larabci da ajami yana karanta su kamar ruwa, boko a hankali, lambobi kuwa da kallo ɗaya. Ƙananan rubutu sai da tabarau, tabaran kuma yawanci yana aljihun wata rigar. Yaron shagonsa ya san lambar sirrinsa. Ba ya son abin da ya shafi kuɗin ruwa. Burinsa uku ne: kada kuɗinsa su maƙale a hanya, kada ya ji kunya a gaban abokin ciniki, ya kwana ya san wa yake bi, wa ke bin sa.

Ka lura ban sa "tura kuɗi" cikin burinsa ba. Tura kuɗi aiki ne. Babu wanda ya tashi da asuba yana marmarin tura kuɗi. Burin shi ne mota ta tashi, mutunci ya tsira. Aiki yana canjawa da zamani, jiya ɗan aike ne da kuɗi a ɗaure a ƙugu, yau waya ce, amma burin tun na fataken farko ne.

Ka kuma lura da abin da babu. Ban faɗi abincin da yake so ko yawan 'ya'yansa ba. Duk layin da ba zai sa ka canja wani abu a zanenka ba, goge shi.

Mutanen misali biyu ko uku sun isa, kuma dole ɗaya ya zama na gaba, wanda in buƙatu suka ci karo shi za a bi. Na biyunmu bari ta zama Talatu, 'yar shekara 24, haihuwar Agege, mai rumfar POS kusa da gadar Pen Cinema. Tana karanta Turanci, tana ciniki da Hausa da Yarbanci da Burokin, yatsunta sun fi idon mai kallo sauri.

Yanzu kana da awo. Ba ka da riga tukuna.

Labarin aiki

Labari iri biyu ne, kuma na farkon shi aka fi tsallakewa. Rosson da Carroll sun ware shi da suna na kansa: labarin matsala, wato yadda abin yake gudana yau, kafin manhajarka ta zo duniya. Ka rubuta shi daga abin da ka gani da wanda aka ba ka labari. Ga misali.

Ranar Alhamis ce, La'asar ta yi sanyi. An gama ɗaure huhuna, 'yan dako sun loda rabi, direba yana cewa in bai fita kafin duhu ba cunkoso zai riƙe shi. Matar da ta kawo goron daga Shagamu tana tsaye da jakarta a hammata, ita ma mota za ta bi. Alhaji Garba ya miƙa wa yaronsa babbar waya, ya karanto masa lambar asusun daga bayan wani kwali. Yaron ya danna. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar wayar, sannan kalmar Turanci guda ɗaya ta fito. Ƙaramar wayar ta yi ƙara a aljihu: an cire kuɗin. Matar ta duba tata, ta girgiza kai, ba ta ga alat ba. Alhaji ya ce, "Kai, me aka rubuta?" Yaron ya ce, "Baba, wai ana jira." "Jiran me?" Yaron bai sani ba. Aka kira Magariba. Alhaji ya dubi matar, ya dubi direba, ya ce, "Sake turawa." Washegari ya wayi gari an cire masa sau biyu, sai da ya yi ta kiran matar yana neman ta dawo da ɗaya.

Dubi abin da labarin ya fito da shi wanda takardar Alhaji ba ta faɗa ba. Takardar ta ce ba ya son jin kunya a gaban abokin ciniki. Labarin ne ya nuna cewa wannan kunyar, in ta haɗu da direba mai sauri da kiran salla da kalma ɗaya marar bayani, ita ke sa shi tura kuɗi sau biyu. Matsalar ba ta cikin mutumin, ba ta kuma cikin sabis kaɗai. Tana inda suka gamu, cikin minti biyar ɗin nan.

Daga nan sai ka ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin duk inda abu ya karye, ka rubuta abin da manhaja za ta yi a wurin. Lambar asusu daga bayan kwali take fitowa, to a nuna sunan mai asusun da manyan baƙaƙe kafin a tura. Mutum biyu ne ke amfani da waya ɗaya, mai dannawa da mai yanke hukunci, to abin da ke fuskar wayar ya zama wanda za a gane daga nesa, in an ɗaga ta an nuna. Kalma ɗaya ba ta isa ba, a faɗi halin da ake ciki da cikakkiyar magana: kuɗin sun fita daga wurinka, ba su isa ba tukuna, kada ka sake turawa. In an yi yunƙurin tura adadi ɗaya zuwa asusu ɗaya cikin ɗan lokaci, manhaja ta tsaya ta yi tambaya. Kuma a ba shi wata shaida da zai tura wa matar ta WhatsApp, don ta sami abin riƙewa ta kama hanya.

Sai ka rubuta labari na biyu, labarin gobe: Alhamis ɗin nan dai, direban nan, matar nan, sabis ɗin ma ya sake yin rauni, amma da manhajarka a hannun yaron. Kada ka gyara sabis a cikin labarin, ba a hannunka yake ba. Kuma a wannan mataki kada ka ambaci launi ko wurin da madanni yake. Ka ce "ya ga sunan matar ya tabbatar", ba "ya danna koren madanni na dama" ba. In ka sa madanni da wuri, ka ɗaure hannunka kafin ka yi tunani. Sai labarin ya zauna sannan ka bi shi fuska bayan fuska, kana zanawa.

Wani abu da na koya daga hanyar Carroll, kuma nake ganin ya fi komai amfani, shi ne kowane gyara a rubuta ribarsa da hasararsa. Misali, tunda boko yana yi wa Alhaji nauyi, kowa zai ce a sa manhaja ta yi magana da Hausa. Shawara ce mai kyau in takardarsa kaɗai ka duba. Koma cikin labarin. Tsakiyar kasuwa ce, 'yan dako da masu wucewa suna kewaye, waya kuma ta ɗaga murya ta faɗi adadin kuɗin da ya tura. Ka tona masa asiri, wataƙila ma ka jefa shi cikin haɗari. Mafita ita ce murya ta faɗi suna da halin da kuɗin ke ciki, adadi kuwa a bar shi a rubuce da manyan lambobi, tunda lambobi ba sa ba shi wahala. Takarda ce ta ba ka rabin wannan shawara, labari ya ba ka sauran rabin.

Juya su ka gani

Hanyar da ta fi nuna bambancin ita ce ka riƙe ɗaya ka canja ɗayan.

Riƙe Alhaji Garba, canja lokaci. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana zaune a zaure, tabarau a ido, babu mai jiransa. Yana son ya bi bashin makon nan ɗaya bayan ɗaya. Yanzu sauri ba ya gabansa, cikakken bayani yake so, da damar ya saurari saƙon muryar da ya ajiye a kan kowane suna. Sake canjawa: an zare babbar wayar daga aljihunsa a cikin motar haya a Oshodi, yaronsa yana gida, ƙaramar waya kaɗai gare shi. Abin da yake buƙata a minti goman farko shi ne ya rufe asusun da wayar madannai, ba tare da data ba. Mutum ɗaya, labari uku, kuma kowane labari ya haifi sashe daban na manhajar.

Yanzu riƙe labarin, canja mutum. Kuɗi sun fita, alat bai shiga ba, amma Talatu ce a rumfarta, mutum shida a layi. Ita ta san ma'anar kalmar Turancin nan. Dogon bayani da murya ɓata mata lokaci za su yi. Lambar shaidar cinikin take so a fili, da hanyar da za ta ajiye wannan a gefe ta sallami na gaba, ta dawo kansa in ya warware. Da ka tsara wa Alhaji kaɗai, ka gajiyar da Talatu. Da ka tsara wa Talatu kaɗai, Alhaji ya sake tura kuɗi sau biyu. A nan ne zaɓen na gaba yake aiki: in Alhaji ne, bayanin yana nan a buɗe, Talatu ta sami inda za ta kashe shi.

Akwai alamu biyu da za ka gane ka cakuɗa. In ka ga "ranar Alhamis da yamma" a takardar mutumin misali, labari ne ya ɓata hanya, mayar da shi wurinsa. In kuma ka cire sunan Alhaji daga labari ka sa na Talatu, labarin ya tafi daidai ba abin da ya canja, to ba kowa a cikinsa. Galibi in ka duba da kyau, kai ne a ciki, da wayarka mai tsada da sabis ɗin ofishinku.

Wanne ake fara yi? A kasuwa labari ke fara zuwa, domin mutane da labari suke magana, daga tarin labaran ne kake tace mutumin. A ofis kuma mutumin ke gaba, kana rubuta masa labaran gobe. In lokaci ko kuɗi suka gaza har dole ka ɗauki ɗaya, ni labarin zan ɗauka. Labarin gaskiya daga bakin rumfa yana ɗauke da mutuminsa a ciki ko ba a zana shi ba. Takarda kuwa, in ba labari, tana iya shekara a bango kowa yana wucewa yana jin an yi bincike.

Kai shi rumfa

Kafin a rubuta layi ɗaya na manhaja, zana fuskokin a takarda, kowace fuska da shafinta, girman waya. Koma Zango ka nemi mutanen da suka yi kama da Alhaji Garba, ba waɗanda ka yi hira da su da farko kaɗai ba. Jakob Nielsen ya yi bayani a 2000 cewa gwaji da mutum biyar yana tono mafi yawan matsalolin amfani, kuma ya fi kyau a yi ƙananan gwaje-gwaje sau da yawa da a yi babba sau ɗaya. Biyar ɗin na kowane mutumin misali ne, kada ka haɗa masu goro uku da masu POS biyu ka ce sun cika.

A wurin gwajin labarin ne kayan aikinka. Kada ka ce, "Ku danna nan." Ka ce, "Alhaji, ga mai goro tana jira, direba yana sauri, kun tura kuɗi ga abin da wayar ta nuna. Me za ku yi?" Sai ka yi shiru. In ya kira yaronsa, bar shi ya kira, haka yake yi a gaske, kuma gwajin na su biyun ne. In ya ce zai sake turawa, kada ka gyara masa, rubuta, zanenka ne bai yi magana ba. Ka gwada a hasken rana, domin launin da ke da kyau a ɗaki yakan ɓace a waje. Ka kuma sallami mutane da ɗan abin goro saboda lokacinsu da ka ci.

Abu na ƙarshe, ka sa kwanan wata a ƙasan kowace takarda. Awon tela ma yakan tsufa. Wanda ya zana ɗan kasuwar Agege a tsakiyar 2022 zai iya rubuta cewa tsabar kuɗi kaɗai yake karɓa, kuma a lokacin bai yi ƙarya ba. Sai aka canja fasalin naira a ƙarshen shekarar, takardun kuɗi suka yi ƙaranci a watannin farko na 2023, masu shayi da masu nama da yawa suka buɗe asusu a OPay da PalmPay da Moniepoint, suka rubuta lambar a kwali suka rataye. Labarai sun fi haka saurin canjawa. Tun da jirgin ƙasa na Jan Layi ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Agbado da Oyingbo a Oktoban 2024, yana tsayawa a Agege, akwai wanda yanzu a cikin jirgi yake duba cinikin jiya, a zaune, hannu biyu a sake, maimakon a matse a bayan danfo. Duk wata shida ka koma benci ɗin nan da ka fara zama, da lokacin lodi, ka sake tambayar Alhaji labarin ranar ƙarshe da tura kuɗi ya ba shi wahala.